Charles de Foucauld: limamin cocin da ya mutu ba mabiyi ko ɗaya, ya zama waliyyi bayan shekara 105

Duk wanda ya tashi a kwarin Tarka, ko Belbeji, ko Tanut, ya san sunan Tamanraset tun kafin ya iya nuna ta a taswira. Can samari da yawa ke nufa idan an gama girbi, su bi ta Agadas da Arlit su tsallaka iyakar Aljeriya don bida. Wanda ya dawo da babur, ya yi wa ɗakin uwarsa rufin kwano, ya kai kayan aure, shi ake cewa tafiya ta yi kyau. Wanda ya dawo hannu rabbana kuwa, sai a ce Allah bai nufa ba.

Alaƙar Damargu da wannan gari ta girmi mota. A farkon ƙarni na 20, Abzinawan Ahaggar kan ɗoro wa raƙumansu gishirin Amadror su gangaro kudu, su musanya shi da geron Damargu, su koma da abin da iyalansu za su ci. A cikin mutanen da ke jiran dawowar wannan ayari ne wani Bafaranshe, limamin cocin Katolika, ya yi zaman shekara 11, daga 1905 har ranar da aka harbe shi a ƙofar gidansa cikin 1916. Sunansa Charles de Foucauld.

Idan da tiyar da ake auna ɗan bida za a auna shi, bai samu komai ba. Ya je ne da fatan Abzinawa su karɓi addininsa, ba wanda ya karɓa. Ya rubuta dokokin ƙungiyar ibada da yake son kafawa, ba wanda ya zauna da shi. Duk da haka, ranar 15 ga Mayun 2022 Fafaroma Francis ya sanya shi cikin waliyyan cocin Katolika. Tarihinsa na nuna abin da Kiristoci ke nufi idan suka ce mutum ya ci nasara, yana kuma nuna tambayoyin da wannan ma'auni ya bari ba amsa.

Maraya mai gado

An haifi Charles de Foucauld ranar 15 ga Satumban 1858 a birnin Strasbourg da ke gabashin Faransa, cikin gidan masu sarauta da dukiya. Bai cika shekara shida ba uwarsa da ubansa suka rasu a shekara guda, wato 1864. Kakansa na wajen uwa, Kanar de Morlet, ya ɗauke shi tare da ƙanwarsa Marie, ya riƙe su riƙon kaka, ba tsawa ba hani. Bayan yaƙin 1870, da Jamus ta karɓe yankin Alsace, sai suka koma birnin Nancy. A can ne, yana saurayi ɗan lakkol, ya daina yarda da addini gaba ɗaya, kuma ya yi shekara 12 a haka.

A 1876 ya shiga Saint-Cyr, babbar makarantar hafsoshin sojan Faransa. Bayan shekara biyu kakan ya rasu ya bar masa gado mai yawa, shi kuwa ya buɗe hannu. Ci da sha da liyafa suka zama aikinsa. A makarantar sojan doki ta Saumur, inda ya wuce daga nan, ya fito na 87 cikin ɗalibai 87. Da aka tura rundunarsu Setif a Aljeriya cikin 1880, ya tafi da wata mace da ba matarsa ba, manyansa suka ce ya sallame ta ya ƙi, aka dakatar da shi a watan Maris na 1881 saboda rashin ɗa'a.

Ba a daɗe ba ya ji labarin abokansa na fagen fama, ya nemi a mayar da shi. Aka aika shi kudancin Oran, inda Faransawa ke yaƙi da Shehu Bu Amama. Nan aka ga wani Foucauld daban, mai jure yunwa da ƙishirwa, mai kula da sojojinsa. Nan kuma ya haɗu da wani hafsa, Henri Laperrine, wanda zai sake shigowa rayuwarsa bayan shekara 20. A 1882 ya ajiye kaki. Danginsa kuwa, ganin yadda gadon ke narkewa, suka sa kotu ta naɗa wanda zai riƙa kula da dukiyarsa.

Nasarar da duniya ta tafa wa

A wancan zamani, shiga cikin ƙasar Maroko kasada ce babba ga Bature. Foucauld ya yi shigar malamin Yahudawa, ya ɗauki wani malamin Yahudawa na gaske mai suna Mardochée Aby Serour ya zama jagoransa. Daga Yunin 1883 zuwa Mayun 1884 suka yi tafiyar kusan kilomita 3,000. Yana ɓoye ɗan ƙaramin littafi a tafin hannu, da guntun fensir, yana rubuta sunan kowane dutse da kowane rafi, da dare ya kwafe su a ɓoye.

Da ya dawo, Ƙungiyar Masana Labarin Ƙasa ta Paris ta ba shi lambar zinariya a 1885, yana ɗan shekara 26. Littafinsa kan tafiyar ya fito a 1888. Ɗan da dangi suka fara cire rai da shi ya zama abin nunawa. Suna ya samu, ƙofofin manya a buɗe, sauran dukiya na nan. Duk abin da ake kira arziki ya hallara.

Sai dai ya dawo da wani abu da bai shiga taswira ba. A Aljeriya da Maroko ya ga talakawa da fatake suna tsayar da komai idan lokacin salla ya yi, su fuskanci alƙibla a kan rairayi. Daga baya ya rubuta wa wani abokinsa cewa ganin imanin Musulmi ya girgiza shi, ya nuna masa akwai abin da ya fi harkokin duniya girma. Ya koyi Larabci, ya karanta Alƙur'ani. Musulunci ne ya farkar da shi, amma addinin iyayensa ya koma. A ƙarshen Oktoban 1886 ya shiga cocin Saint-Augustin a Paris don ya yi wa wani limami, Henri Huvelin, tambayoyi kan addini. Limamin ya ce masa ya durƙusa ya furta zunubansa tukuna. Ya durƙusa, kuma daga ranar rayuwarsa ta juya.

Neman gurbin ƙarshe

Akwai wani darasi na Huvelin da ya zauna masa a zuciya har mutuwa: cewa Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa, ya zaɓi wurin zama mafi ƙasƙanci a cikin mutane, har ba wanda ya taɓa iya ƙwace masa shi. Da Foucauld ya ziyarci Nazarat a farkon 1889, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne shekaru kusan 30 da Linjila ta nuna Yesu ya yi a wannan ƙauye yana zaman gidan masassaƙi, ba wa'azi, ba mu'ujiza, ba wanda ya san da shi. Ya ƙudura cewa irin wannan rayuwa zai kwaikwaya.

A Janairun 1890 ya shiga gidan zuhudu na Notre-Dame des Neiges, na ɗarikar Trappist, masu yawan shiru da aikin hannu. Ya bar wa ƙanwarsa abin da ya mallaka, ya fita daga ƙungiyar da ta ba shi lambar zinariya. Ya nemi a kai shi reshensu mafi talauci, a Akbes, cikin ƙasar Siriya ta lokacin Daular Usmaniyya, ya yi shekara shida a can. Nan ma ya ga talaucin bai kai ba, domin maƙwabtansu leburori sun fi su rashi. A 1897 ya fita daga ɗarikar, ya koma Nazarat ya zama baran wasu mata masu zuhudu. Yana kwana a wata rumfar katako a gefen lambunsu, yana shara, yana zuwa aike. Shekara uku ya yi a haka.

Ranar 9 ga Yunin 1901 aka naɗa shi limamin coci a Viviers, kudancin Faransa. Cikin Oktoban shekarar ya sauka Beni Abbes, wani gari mai dabino a hamadar Aljeriya, kusa da iyakar Maroko. Ya gina ɗan gida na ƙasa, ya bar ƙofa a buɗe. Matafiya, marasa lafiya, sojoji da bayi suka riƙa cika masa tsakar gida. A nan ya ga yadda hukumar Faransa ke kau da kai daga cinikin bayi don kada ta ɓata wa masu bayin rai. Ya rubuta wasiƙu masu zafi ga shugabanninsa na coci, ya fanshi ƴan kaɗan da ɗan abin da dangi ke aiko masa. Wasiƙun ba su sauya komai ba a lokacin.

Ya gina ɗakuna don ƴan'uwan ibada da yake sa ran za su zo. Ɗakunan suka zauna ba kowa. Dokokin da ya rubuta sun yi tsauri har Huvelin da kansa ya faɗa masa cewa ba mai iya bin su. A Beni Abbes, wani ƙaramin yaro da ya fansa da wata tsohuwa makauniya ne kawai ya yi wa baftisma.

Tamanraset da nonon awaki

A lokacin nan Laperrine ya zama kwamandan sojan Faransa a yankunan hamada. Abzinawan Ahaggar, waɗanda suka hallaka tawagar Kanar Flatters a 1881, sun sha kashi a yaƙin Tit cikin Mayun 1902, kuma a 1904 shugabansu Musa ag Amastan ya yi sulhu da Faransawa. Laperrine ya gayyaci tsohon abokinsa ya bi shi rangadi kudu. A Agustan 1905, da yardar Musa, Foucauld ya zauna a Tamanraset. Garin da yau ya zama babban birni, a lokacin bukkoki ne kamar 20 na manoma a bakin kwari, da makiyaya masu zuwa suna tafiya.

Ya gina ɗaki siriri na dutse da laka, rabi wurin ibada, rabi wurin kwana da rubutu. Mutane suka riƙa kiransa marabu, wato malami. Yana ba da magani, da allura da zare, da ɗan hatsi. Abokin zama guda da ya taɓa samu, wani matashi mai suna Michel, ya taso tare da shi a ƙarshen 1906, rashin lafiya ta mayar da shi tun daga In Salah, bai ko ga Tamanraset ba.

Shekarar 1907 ta zo da fari. Aka yi wata 17 ba ruwa, awaki suka ƙafe, yunwa ta shiga. Foucauld ya rabar da abincin da ya ajiye. Dokar coci ta lokacin ba ta yarda limami ya yi babbar ibadar Mes shi kaɗai ba, don haka Kirsimetin wannan shekara ya wuce masa ba ibadar da ya baro komai dominta, ba wasiƙa daga gida. A Janairun 1908 jikinsa ya ƙi, ya kwanta yana jiran mutuwa, yana ɗan shekara 49, yana ganin rayuwarsa ta tashi a banza.

Abzinawa ne suka tashe shi. Cikin wannan yunwa suka bi zango-zango suna neman duk akuyar da ke da sauran nono, suka riƙa kawo masa har ya miƙe. Hausawa na cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Masu nazarin rayuwarsa da yawa na ɗaukar wannan ciwo a matsayin juyi na biyu a tarihinsa. Tun zuwansa shi ne mai bayarwa, mai magani, mai ilimi. A wannan karo shi ne mabuƙaci, kuma Musulmi matalauta ne suka riƙe ransa. Maƙwabtaka ta gaskiya daga nan ta fara.

Wani likitan soja da ya zauna kusa da shi a 1908 ya ba da labarin cewa Foucauld ya faɗa masa bai zo don ya juya Abzinawa dare ɗaya ba, ya zo ne ya fahimce su, kuma yana da yaƙinin Allah zai karɓi mutanen kirki masu gaskiya ko da ba ƴan Katolika ba ne. Wannan bai sa ya daina fatan wata rana su zama Kiristoci ba, sai dai ya sawwala wa kansa cewa aikin na iya ɗaukar ƙarnoni, kuma ba shi zai ga ƙarshensa ba. Abokinsa Musa ag Amastan kuwa Musulmi ne mai riƙo, almajirin Shehu Bay al-Kunti, kuma a zamaninsa Musulunci ƙara ƙarfi ya yi a Ahaggar. Kowannensu ya so wa ɗan'uwansa addininsa, kowannensu ya tsaya a kan nasa, abotar kuma ba ta yanke ba.

Ƙamus mai shafi 2,000

Da farko ya fara koyon Tamahak, wato Tamashek ɗin mutanen Ahaggar, don ya share wa masu wa'azin da za su biyo baya hanya. Aikin ya zarce niyyar. Shekara da shekaru yana zama da wani malami, Ba Hammu, magatakardan Musa, suna bin kalmomi ɗaya bayan ɗaya: sunayen raƙuma bisa launi da shekaru, sunayen rijiyoyi, duwatsu, taurari da itatuwa. Ya rubuta su da baƙaƙen Tifinag da na boko. Ya bi zanguna yana biyan ɗan kuɗi kan kowane baitin waƙa da aka rera masa, har ya tara waƙoƙi fiye da 500, baituka kusan 6,000, cikinsu har da na Dasin, shahararriyar mawaƙiyar Ahaggar.

Bai so sunansa ya fito a kan aikin ba. Wani abokinsa masanin harsuna, Motylinski, ya taya shi na ƴan watanni a 1906, ya rasu a 1907. Foucauld ya dage cewa da sunan mamacin za a buga littattafan, kuma haka aka yi da na farko. Mutumin da ya taɓa karɓar lambar zinariya a Paris ya koma yana roƙon a ɓoye shi. Ya kammala gyaran waƙoƙin ranar 28 ga Nuwamban 1916, kwana uku kafin mutuwarsa. An buga su a 1925 da 1930. Babban ƙamus ɗin, mai shafi sama da 2,000 da rubutun hannunsa, ya fito cikin juzu'i huɗu a 1951 da 1952, kuma har gobe masu nazarin Tamashek, a Nijar da Mali da Aljeriya, ba sa wuce shi.

Inuwar mulkin mallaka

Ba a iya ba da tarihin Foucauld a tsallake wannan babi. Bayan sojan Faransa ya bi ya shiga Ahaggar, kuma bai taɓa rabuwa da su ba. Yana rubuta wa Laperrine da sauran hafsoshi labarin abin da ke gudana a ƙasar, yana ba su shawara kan wanda za a amince wa da wanda za a sa wa ido. Ya soki zaluncin wasu hafsoshi da kwaɗayin ƴan kasuwar Turawa, amma ya yarda cewa Faransa na da hakkin mulkin waɗannan ƙasashe. A 1916 ya rubuta cewa idan Faransa ba ta mayar da mutanen da ta mallaka Faransawa kuma Kiristoci ba, wata rana za su tashi su kore ta. Korar ta faru, ta hanyar da bai so ba.

Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke, ɗarikar Sanusiyya daga Libiya ta ɗaga tutar yaƙi da Turawa a hamada. A Maris 1916 mayaƙanta suka karɓe Janet. Foucauld ya gina ƙaramar ganuwa ta ƙasa a Tamanraset, da rijiya a ciki, don mutanen ƙauyen su fake idan an kawo hari. Ya koma cikinta a watan Yuni. A ciki akwai abinci da magani, akwai kuma bindigogi da harsasai da sojan Faransa suka ajiye.

Ranar Juma'a 1 ga Disamban 1916, da magariba, wasu mahara masu alaƙa da Sanusiyya suka kewaye ganuwar. Wani mutum da ya sani, El Madani, ya kira shi cewa ya kawo wasiƙu. Da ya buɗe ƙofa aka fizgo shi, aka ɗaure masa hannuwa a baya, aka bar wani yaro ɗan shekara kamar 15 yana tsaronsa, sauran suka shiga kwasar kaya. Yawancin masana tarihi na ganin garkuwa aka so yi da shi. Sai ga sojoji biyu a kan raƙuma sun ɓullo, harbi ya tashi, yaron ya firgita ya harbe shi a ka. Yana da shekara 58.

A cikin wannan wata ne ɗan Damargu, Kaosen, na ƙabilar Ikazkazan, ya iso Agadas da mayaƙansa da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama, suka yi wa barikin Faransawa ƙawanya. Sai a Maris 1917 rundunar da ta taso daga Damagaram ta karya ƙawanyar, ramuwar gayyar da ta biyo baya kuma ta ci rayuka da yawa, har da malaman Agadas. An kashe Kaosen a Fezzan cikin 1919. Yau a Nijar ana tunawa da shi a matsayin gwarzon da ya ƙi mulkin mallaka. Shi da Foucauld suna ɓangarori biyu na yaƙi ɗaya, kowannensu ya mutu ana ganin ya faɗi, kowannensu kuma na baya ne suka ɗaga sunansa. Wanda ya girma da labarin Kaosen yana da dalilin yi wa Foucauld kallon tsanaki, kuma a Faransa ma an yi ta wannan muhawara kafin a naɗa shi waliyyi.

Abin da ya tsiro daga baya

Ranar da ya mutu, abin da ya bari na ƙungiya shi ne wani zumuncin addu'a mai mutum 49, har da shi kansa, warwatse a wurare daban-daban. Musa ag Amastan ya aika wa ƙanwarsa wasiƙar ta'aziyya. Wani masanin Musulunci Bafaranshe, Louis Massignon, ya riƙe zumuncin bai bari ya mutu ba, ya kuma sa marubuci René Bazin ya rubuta tarihinsa, wanda ya fito a 1921 ya bazu sosai. A 1929 aka mayar da gawarsa El Golea, garin da yau ake kira El Meniya.

A 1933, shekara 17 bayan mutuwarsa, René Voillaume da wasu abokansa suka kafa ƙungiyar Ƙananan Ƴan'uwan Yesu a El Abiodh Sidi Cheikh, Aljeriya. A 1939 Magdeleine Hutin ta kafa ta mata. Tsarinsu shi ne su zauna su biyu ko uku a unguwar talakawa ko zangon makiyaya, su yi aikin da maƙwabtansu ke yi, su ci abin da suke ci, ba tare da kafa mumbarin wa'azi ba. Har Nijar sun zo sun zauna cikin makiyaya. Yau ƙungiyoyi kusan 20 ne ke danganta kansu da shi a duniya. Fafaroma Benedict na 16 ya sanya shi cikin masu albarka ranar 13 ga Nuwamban 2005, Fafaroma Francis kuma ya ambace shi a ƙarshen wasiƙarsa ta 2020 kan ƴan'uwantakar ɗan Adam, kafin ya naɗa shi waliyyi.

Da wace tiya ake aunawa?

Abu ne mai sauƙi a ce ai ga nasarar nan, ta zo ne a makare. Amma koyarwar da Foucauld ya bi ba haka ta ce ba. A wurin Kiristoci, wanda suke bi ya ƙare rayuwarsa ta duniya a kan gicciye, almajiransa sun watse, kuma wannan abin da ido ke gani faɗuwa shi suke kira cin nasara. Don haka abin da ake tambayar bawa shi ne ko ya riƙe amanar da aka ba shi, ko ya ƙaunaci wanda ke gabansa. Yawan mabiya, da girman gini, da abin da ya shiga aljihu, ba su cikin lissafin. Bisa wannan ma'auni, ko da Bazin bai rubuta littafi ba, ko da ba a kafa ƙungiya ko ɗaya ba, ko da sunan ya ɓace cikin rairayi, awon Foucauld ba zai ragu ba. An gama auna shi tun ranar da ya buɗe ƙofa.

Ba duka Kiristoci ne ke jaddada wannan fuska ba. A manyan biranen Afirka ta Yamma akwai majami'u da ke wa'azin cewa dukiya da lafiya da ɗaukaka su ne alamar albarkar Allah, kuma suna cika maƙil. Rayuwar Foucauld na tsaye ne a ɗaya gefen wannan muhawara: mutum ne da ya riƙe dukiya da suna a hannu, ya ajiye su da gangan, ya mutu a ɗaure. Musulmi ma ba baƙon wannan tunani ba ne, tunda an san aiki da niyya ake auna shi, kuma sakamako na Allah ne. Wani malamin jami'a Musulmi ɗan Aljeriya, Ali Merad, ya rubuta littafi a 1975 yana duba rayuwar Foucauld da idon Musulunci, ya yaba zuhudunsa da kwaikwayonsa ga Annabi Isa, bai kuma ɓoye alaƙarsa da masu mulkin mallaka ba.

Linjila ta ba da misali da ƙwayar hatsi, wadda sai ta shiga ƙasa ta ruɓe kafin ta ba da amfani, kuma Foucauld ya sha komawa ga wannan misali a rubuce-rubucensa. Manomin Damargu ya san abin a aikace. Idan damina ta yi jinkiri yakan yi binne, ya zuba irin gero cikin busasshiyar ƙasa tun hadari bai haɗu ba. Wata shekara ruwa ya zo a kan kari, wata shekara iri ya ƙone ko tsuntsu ya tone. Ba a ce masa rago don ruwa bai zo ba, domin nasa shi ne shukar.

Ganuwar da aka kashe Foucauld a ƙofarta na nan tsaye har yau a cikin birnin Tamanraset, garin da ƴan bidar Damargu ke sauka neman abin rufin asiri. A saman dutsen Assekrem kuma, mai tsayin mita sama da 2,700, inda ya gina ɗakin kaɗaici a 1911, har yanzu akwai ƴan ƙungiyarsa ƙalilan da ke zaune, suna ba duk baƙon da ya hau shayi.